Ƙarfe a Cikin Maɗaci

Ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, Ishaya ya dawo Tungar Maje da injinsa. Ya yi shekaru yana aikin katako a wani kamfani can wajen Kainji. Da kamfanin ya tashi sai ya sayi tsohon zartonsu na lantarki da ƙaramin janareto, ya loda su a jirgin kasuwa ya taho gida. Zarton faifai ne na ƙarfe mai haƙora, da mariƙi biyu. Ba ya tafiya sai a kan wani miƙaƙƙen ƙarfe da ake shimfiɗawa a kan katako, a matse shi kai da gindi. Mutanen tunga da suka ga yadda yake gudu a kan ƙarfen nan kamar jirgin ƙasa a kan dogo, sai suka sa masa suna Maidogo.

Tungar Maje tana bakin tabki, kudu da Wara, kuma sana'ar garin ɗaya ce bayan su da noma: ƙera jirage. Masu sare itace kan kawo ɗanyen katako daga daji, manyan falle-falle na maɗaci da ƙawo, masu kauri, gefensu duk a karkace, wani ma da ɓawonsa. Kafin maƙerin jirgi ya iya haɗa falle biyu ruwa bai shiga tsakaninsu ba, sai an miƙe gefen ya zama kamar an ja zare. Wannan aikin shi ne Ishaya da ƙanensa Daniel suka shiga yi a rumfar da suka kafa ƙarƙashin wata tsamiya. Ishaya ke tura injin. Daniel ke ɗaure dogon, shi ke bin bayan yanka yana cusa tsinken katako a cikin tsagar don kada ta matse faifan. Abin da mutum biyu ke wuni suna ja da zarton hannu, su kafin a sha furar hantsi sun gama shi.

Masu zarton hannun kuwa suna nan, ba su da nisa. Ramin da suke jan zarto a ciki na can ƙasa kaɗan, kusa da inda jirage ke tsayawa. Babbansu Ɗangana, dattijo ne dogo, kafaɗunsa sun fi na samari faɗi. Shi da uban su Ishaya suka yi ƙuruciyarsu a ramin nan, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, zarto ɗaya a tsakaninsu. Ɗangana musulmi ne, uban su Ishaya ya bi coci, amma ko ranar da aka binne shi Ɗangana ne ya fara sa magirbi a kabarin. Shi ya sa har ranar da abin ya faru Ishaya bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba.

Da aiki ya fara gudu daga rami zuwa rumfa, dattijon bai yi ƙorafi ba. Ya zo sau ɗaya ya tsaya da hannu a baya yana kallon injin, ya shafa gefen katakon da aka yanka, ya ce, "Ya miƙe." Ya juya ya tafi. Ɗansa Dudu ne abin ya tsaya wa a rai. Dudu sa'an Daniel ne, tare suka koyi iyo, amma yanzu ko gaisuwa sai da harara. Ran wata kasuwar Wara magana ta haɗa su a gaban masu kifi. Daniel mutum ne mai bakin tsiya, ya ce wa Dudu ya zo rumfa ya riƙa share musu dusar katako, ya fi zaman jiran aiki a rami kamar gafiya. Dudu ya ɗauke shi da mari. Suka kama kokawa har suka kifar da daron wata mata, aka raba su Daniel na tofar da jini, rigar Dudu a yage. Ana janye Dudu yana waiwaye yana cewa, "Ku ci gaba. Wata rana injin nan zai ci ƙarhe, ya juyo ya ci mai shi. Ku rubuta ku aje."

Rabin kasuwa sun ji wannan magana. Ishaya ma ya ji.

Aka shiga damina, hanyar mota ta yanke. Mainasara, babban maƙerin jirgi na tungar, ya karɓi aikin wani ƙaton jirgin dako. Yana da wani fallen maɗaci da ya daɗe a yashe a bakin ruwa, daf da ramin su Ɗangana. Da can su ya yi niyyar ba aikin, daga baya ya sake shawara. Ran da abin zai faru, da safe, ya sa majiya ƙarfi suka cicciɓo fallen zuwa rumfar Ishaya. Dudu na zaune a bakin rami yana wasa zarto, bai ko ɗaga kai ba.

Fallen ja ne jawur, mai nauyin tsiya, kaurinsa ya kai tafin hannu. Ishaya ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kankare lakar da ta bushe a kai. Daniel ya ja zaren da suka turmuza a gawayi, ya ɗaga ya saki, baƙin layi ya fito tun daga kai har gindi. Suka ɗora dogon a kan layin, suka matse.

"Yaya, wanga ba ya yankuwa da bi ɗaya," in ji Daniel.

"Na sani. Mu fara da sama-sama, sannan in sauke haƙori."

Aka tada janareto. Bi na farko ya tafi lafiya lau, jan gari na tashi yana sauka a gashin Daniel har ya koma kamar wanda ya yi wanka da jar ƙasa. Yana dariya yana cewa matarsa Zuliha za ta ce ya je ya wanke kafin ya taɓa mata tuwo. Ishaya ya dawo da injin farkon dogo, ya sauke faifan ya ƙara zurfi. Murfin da ke rufe haƙoran ya daɗe da lalacewa, dusa kan cushe shi ya ƙi motsi, don haka tun rani Ishaya ya ɗaure shi sama da waya. Ya kunna, ya tura. Ƙarar ta yi kauri, injin na ci a hankali. Da suka kai tsakiya tsagar ta fara matsewa, sai Daniel ya durƙusa ta gefe, ya sunkuyar da kai yana buga tsinke da guduma.

Ishaya bai ga komai ba. Ƙara kawai ya ji, kamar an harba bindiga a cikin kunnensa. Injin ya yi tsalle daga kan dogo ya doke shi a ƙirji ya faɗi zaune. Tartsatsi ya tashi, faifan ya yi wani kuka ya tsaya. Da ya ɗago sai ya ga Daniel a tsaye, ya saki gudumar, hannuwansa biyu a wuya, yana kallonsa kamar mai son tambayar wani abu. Sai jini ya ɓullo ta tsakanin yatsunsa, ba zuba ba, tsartuwa, har kan katakon.

"Daniel!"

Ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Ya cire rigarsa ya danna a wurin, nan take rigar ta jiƙe. Guntun haƙorin zarto ne ya shiga ƙarƙashin muƙamuƙi, ya yanke jijiya. Mainasara ya zo a guje, masu haɗa jirgi suka yar da kayan aiki suka taru. Wani na cewa a kawo tsumma, wani na cewa a tada jirgi, wata mata na salati da ƙarfi. Ƙafafun Daniel na shure-shure cikin dusar katako. Ya damƙi hannun Ishaya, bakinsa na motsi, babu abin da ke fita sai kumfa ja. Janareto na ta ruri babu wanda ya tuna ya kashe shi. Kafin a kawo tabarmar da za a ɗauke shi, damƙar ta saki.

Ishaya ya daɗe a durƙushe. Ya ji an kashe janareton, ya ji kukan Zuliha tun daga cikin gari yana matsowa. Ya kwantar da kan ƙanensa a ƙasa, ya miƙe, ya je ya leƙa cikin tsagar katakon. A can ƙasa, inda faifan ya tsaya, wani abu na walƙiya. Ya sa yatsa ya taɓa. Ƙarfe ne, da sabon yanka a jikinsa, har yanzu da zafi.

"Ƙarhe," ya ce. Ya juyo ya dubi mutane. "An sa ƙarhe cikin katakon ga."

Sai wani daga baya ya ce, "Ai kuwa Dudu ya faɗa a kasuwa." Wani ya ce, "Kuma a bakin raminsu katakon ya kwana biyu."

Mainasara ya riƙo hannunsa. "Ishaya, tsaya. Bari mu fasa mu gani tukuna."

Ishaya ya fizge. Akwai wani guntun ƙarfe mai kauri da suke ɗaga katako da shi, tsawonsa kamar kamu biyu. Shi ya sura. Babu riga a jikinsa, jinin Daniel tun daga ƙirji har gwiwa. Ya gangara wajen ramin, samari na biye da shi, wasu don su hana, wasu don su taya, da yawa ba su ma san dalilin bin ba.

Dudu ba ya nan. Ya tafi gida kai zarton da ya wasa tun kafin ƙarar. Ɗangana ne kaɗai. Dattijon ya ji ihu, yana ƙoƙarin fitowa daga ramin, hannu ɗaya a kan gungumen da ke gicciye a baki.

"Ishaya, mi ya faru? Wa ya ji ciwo?"

"Ina Dudu?"

"Ya tahi gida. Jinin wa a jikinka, ɗana?"

"Kun kashe shi. Kun kashe Daniel."

"Innalillahi..." Dattijon ya buɗe baki, bai ƙarasa ba.

Ishaya ya sauke ƙarfen a kan hannun da ke riƙe da gungumen. Ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Ɗangana ya koma cikin ramin da baya. Ishaya ya dira a kansa. Ramin ƙunci gare shi, babu wurin ɗaga hannu sosai, don haka da gindin ƙarfen ya riƙa soka, a haƙarƙari, a ciki, a kafaɗa. Dattijon ya dunƙule yana kare kai da hannun da ya rage. Bai yi ihu ba, numfashi kawai ke fita daga bakinsa duk bugu ɗaya. Ishaya na bugu yana tambaya, "Wa ya buga ƙusar? Kai ko shi? Wa ya buga?" Daga sama wasu na cewa a bar shi haka, wasu na jifa da guntayen katako, ba su damu da wanda za su samu ba.

Tabawa, matar Ɗangana, tana shanyar kifi a kusa. Ita ta fara isowa. Tsohuwa ce ƙarama, amma ta kutsa cikin samarin ta kwanta a bakin ramin ta cafko gashin Ishaya da hannu biyu tana ja. "Ishaya! Ni na yi ma wankan jego kai da uwarka! Ishaya, ubanka na kake kashewa!" Ya kaɗe ta da gwiwar hannu, bakinta ya fashe, ba ta saki ba.

A haka Dudu ya iso. Wani yaro ya kai masa labari rabi da rabi, ya fito da gizago a hannu. Bai tsaya tambaya ba. Ya ture uwarsa gefe, ya kai sara daga sama. Da kai ya nufa, Ishaya ya motsa, gizagon ya sauka a kafaɗar hagu ya nutse har ƙashi. Ishaya ya ji kamar an zuba masa garwashi, ƙarfen ya faɗi daga hannunsa. Dudu ya zare ya sake ɗagawa, sai 'yan uwan su Ishaya biyu suka rungume shi ta baya suka yi ƙasa da shi. Nan fa wuri ya rikice. Masu zarton hannu suka fito da sanduna da filafilai, dangin su Ishaya suka taho daga unguwarsu da adduna. Aka fasa wa wani kai da filafili, aka sare wa wani yatsu biyu. Wani ya ruga ya watsa fetur ɗin janareto a rumfar Ishaya ya ƙyasta ashana, da ƙyar mata suka janye gawar Daniel kafin wutar ta kama jinka. Mutanen da jiya suka ci tuwo a kwano ɗaya, yau kowa na neman kan ɗan'uwansa, kuma a cikinsu akwai waɗanda uwa ɗaya ta haifi iyayensu.

Mai gari da limamin tunga da dattawan coci ne suka shiga tsakani da jikinsu. Sai da liman ya sha sanda a baya kafin aka fara ja da baya. Aka ciro mutum biyu daga ramin. Ɗangana ba ya iya tsayuwa, numfashinsa na fita da wata ƙara. Ishaya kuwa hannunsa na lilo, jini na bin ƙafarsa.

Babu hanyar mota, kuma babu jirgi mai inji a bakin ruwa a ranar sai na Mainasara. Mai gari ya ce a sa su duka biyu a ciki a kai su asibitin Yauri, wanda bai yarda ba ya kawo nasa jirgin. Aka shimfiɗa tabarma a cikin jirgin aka kwantar da Ɗangana, kansa a cinyar Tabawa. Aka jingina Ishaya a ɗaya gefen, an ɗaure kafaɗar da zani. Dudu an kulle shi a zauren mai gari. Sai aka nemi Mainasara aka rasa. Ana ta kira, can sai ga shi ya taho daga wajen rumfar da ke ci da wuta, gatari a hannu ɗaya, wani guntun katako a ɗaya. Ya shiga, ya ja igiyar inji, jirgi ya tashi.

Sun yi nisa, tungar ta koma hayaƙi kawai a bayansu, sannan Mainasara ya ba wani riƙon inji ya tako ya tsuguna gaban Ishaya. Ya ajiye wa Ishaya guntun katakon a cinya.

"Duba."

Ishaya ya duba. Mainasara ya fasa fallen ne daidai inda zarton ya tsaya. A tsakiyar jan naman itacen ga wani ƙarfe kwance, kaurin babban yatsa, kansa a lanƙwashe kamar ƙugiya. Tsatsa ta cinye shi har ya yi ƙuraje. Itacen da ke kewaye da shi ya yi baƙi ƙirin, baƙin ya bi jijiyar katakon sama da ƙasa. Babu rami, babu huda, babu ta inda aka shigar da shi. Itacen ya rufe shi ruf ta ko'ina, kamar yadda nama ke rufe ƙaya.

"Irin wanda masunta ka bugawa jikin icce su ɗaure jirgi," in ji Mainasara. "Tun iccen ga na ƙarami anka buga shi. Tun kafin a tare ruwa a Kainji. Wata ƙila tun ba a haife ka ba, balle Dudu. Na ce ma ka tsaya."

Ishaya ya sa farce ya kankari baƙin. Ya juya guntun, ya sake juyawa, yana neman huda. Ya nema har inda gatari ya bi. Babu.

Tabawa ba ta dube shi ba. Tana share wa mijinta jinin da ke fitowa ta gefen baki da bakin zanenta, ta share ya dawo, ta share ya dawo. Ɗangana ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon sama kafin ya juyo da su wajen Ishaya.

"Da gaske Daniel ya tahi?"

Mainasara ne ya ce, "Ya tahi, Baba."

Dattijon ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa. "Yaron da kan kawo man gasasshen kihi a rami," ya ce. Ya yi tari, jikinsa duka ya girgiza. "Wa ka wurin uwarku?"

"Baba," in ji Ishaya. Ya ja jiki da hannu ɗaya ya matso. "Baba, ni..."

"Kak ka taɓa shi," in ji Tabawa. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka koma inda kake."

Ya koma. Injin na ta ƙugi, ruwa na dukan gaban jirgin. Suka wuce masunta na jan taru, suka wuce wani tsibiri da mata ke wanki, har suna ɗaga musu hannu. Numfashin Ɗangana ya riƙa yin nisa da juna. Tabawa ta sunkuya tana laƙƙana masa kalmar shahada a kunne, leɓɓansa na bin ta. Rufin kwanon Yauri ya fara bayyana a gaba ke nan ta sa tafin hannu ta shafe masa ido, ta ja mayafinta ta rufe fuskar. Sannan ta ce wa Mainasara, "Juya da mu gida."

"Inna, ga wanga na zubar da jini."

"To ku sauke shi, ku juya da mu."

Haka aka yi. Aka sauke Ishaya a bakin ruwan Yauri, masu dako suka ɗora shi a amalanke zuwa asibiti. Jirgi ya juya da gawa. A rana ɗaya aka yi jana'iza biyu a Tungar Maje, ɗaya a maƙabartar gabas, ɗaya a bayan coci, kuma Ishaya bai ga ko ɗaya ba. Yana kwance an ɗinke kafaɗarsa, ƙafarsa ɗaure da ankwa a jikin gado, ɗan sanda na zaune a bakin ƙofa.

A kotu bai yi gardama ba. Duk abin da aka karanta ya ce haka ne. Da alƙali ya tambaye shi ko yana da abin cewa, ya ce a sassauta wa Dudu, don ubansa ya zo ceto. Dudu ya yi 'yan watanni a gidan yari ya fito. Ishaya ya yi shekaru. Hannun hagun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Mainasara ne kaɗai daga tunga yake leƙa shi, in ya kawo jirgi kasuwa. Daga bakinsa ya ji cewa danginsu sun kasa zama a tungar, don ko gaisuwa an daina amsa musu a bakin ruwa, rijiya ma sai da aka raba. Innarsu ta kwashe Zuliha da ɗan da ta haifa bayan rasuwar Daniel, sun koma wajen 'yan'uwanta a ƙasar Shanga suna noman shinkafa.

Ran da aka sake shi ta faɗo ranar kasuwar Yauri. Ya gangara bakin ruwa neman jirgin da zai haura da shi, yana ratsa tsakanin buhunan albasa da kwandunan kifi, sai ya yi kiciɓis da Dudu. Dudu ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana sauke itacen girki daga wani jirgi. Suka tsaya suna kallon juna. Ishaya ya sauke ƙullin kayansa ƙasa.

"Dudu."

Dudu ya ajiye daurin itacen a hankali. Ya tako har gabansa, ya dunƙule hannu ya kai masa naushi a baki. Ishaya ya faɗi kan kwandon wani mai kifi. Ya tashi, ya tsaya, hannuwansa a ƙasa. Dudu ya ƙara masa, wannan karon a ido. Mutane suka taso, Ishaya ya ɗaga hannun damansa ya ce kowa ya tsaya, tsakaninsu ne. Ya sake miƙewa. Dudu ya ɗaga hannu na uku, hannun ya daɗe a sama. Sai ya sauke.

"Innata ta rasu bara," ya ce. "Har ta mutu ba ta ƙara ambaton sunanka ba. Kak ka taka Tungar Maje. In na gan ka can, ɗayanmu ba ya kwana."

"Ba ni zuwa."

Dudu ya juya ya koma wajen itacensa. Ishaya ya ɗauki ƙullinsa, ya tofar da haƙorin da ya karye, ya ba mai kifi haƙuri, ya nemi jirgin Shanga.

Da la'asar sakaliya ya isa ƙauyen. Aka nuna masa gidan, can ƙarshen gari wajen fadama. Innarsa na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ta tsufa fiye da yadda ya zata, idonta ɗaya ya yi fari. Ya yi sallama ya durƙusa daga nesa. Ta ɗago ta daɗe tana dubansa, kumburarren ido, fasasshen baki, kafaɗa a karkace.

"Wa ya yi ma wanga?"

"Dudu."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da ido kan faifanta. Zuliha ta leƙo daga ɗaki, ta gan shi, ta koma ta saki labule. Inna ta ci gaba da tsintar tsakuwa tana jefarwa gefe. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ruwa na randa. Ka wanke fuskarka. Gobe da sassafe za a shiga yankan shinkafa, kuma ba mu da namiji."